Abin da Palmina ke Tsoro

A unguwarmu babu wanda ya kai Palmina Lorusso tsoro, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Tana tsoron iskar da ke shigowa ta taga ta daki mutum a wuya. Tana tsoron jiƙaƙƙen gashi, da ruwan firji, da taka tayil ba takalmi ko da zafi na neman narkar da kwalta. Fanka dai ba ta taɓa shiga gidanta ba. Mijinta Oronzo, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas bai yi ritaya daga tsokana ba, yakan ce da ita ke da iko da rana, da tuni ta sa mata rigar sanyi.

Duk waɗannan ƙanana ne. Babban tsoron shi ne shiga teku bayan cin abinci. Mu nan kudancin Bari, a Italiya, haka aka raine mu duka: in ka ci ka ƙoshi, ba ka taɓa ruwa sai bayan awa uku, in ba haka ba abincin ya daskare maka a ciki ka faɗi. Kowace uwa tana faɗa, kowane yaro yana satar jiki ya shiga. Palmina kuwa ba a bakin mutane ta ji ba, da idonta ta gani.

Tana 'yar shekara goma, ranar bikin waliyyin gari, uwarta ta damƙa mata hannun ƙanenta Sabino ta ce ta kula da shi. An ci an ƙoshi, kawunsu da ya dawo daga Jamus ya saya wa yara kayan ƙwalama a rumfunan biki. Masu busa ƙaho suka zo wucewa, ta juya kallo, yaron ya zare hannu ya ruga cikin ruwa da ɗan ƙunshin takardarsa na ƙwalama. Ruwan ko gwiwarsa bai wuce ba. Ya faɗi, aka ɗauko shi fuska a kumbure, kafin a samo likita ya cika. Gari duka ya ce daskarewar ciki ce. Uwarta ba ta dake ta ba, ba ta zage ta ba. Sai dai har matar nan ta koma ga Mahaliccinta ba ta ƙara ba Palmina riƙon wani abu mai rai ba, ko da kaza ce.

Haka ta girma. Ta koyi ɗinki, ta yi shekaru tana gyaran riguna da labule da rumfunan jiragen masunta. Ta auri Oronzo, suka sami ɗa guda, ta raine shi cikin riguna uku-uku har ya gudu Milano neman aiki da numfashi. Ɗakinsa ya zauna a rufe. Da aka buɗe makarantar koyon Italiyanci a tsohon gidan 'yan zuhudu, aka ce ana neman gidajen da za su riƙa saukar da yaran ƙasashen waje a lokacin zafi, Oronzo ya je ya ba da sunansu bai ko shawarce ta ba. Ta yi mako ba ta yi masa magana. Daga nan sai ta wanke labulen ɗakin.

Mun yi dariya, har da ni. Muka ce an ba matsoraciya amanar 'ya'yan mutane, yau ko ta haukace ko ta haukatar da su. Sai ga shi ita ce iyaye suka fi so. Yaran Sweden da na Kanada da na Holan sukan zo siraran gaske, su koma da kumatu da gyale a wuya a tsakiyar watan Agusta. Rabin Italiyancin da suke koyo ba a aji suke samunsa ba, a teburinta ne: ci, ƙara, rufe tagar nan, ina rigarki.

Shekarar da nake magana, yarinya aka ba ta daga Ostireliya, Marnie, 'yar shekara goma sha shida, doguwa, mai faɗin kafaɗu, fuska duk ɗigo-ɗigon rana. Kakanta na wajen uwa ɗan wannan yanki ne, shi ya sa take son harshen. Tun tana rarrafe take iyo. Ranar da ta sauka ta fito daga wanka gashi na ɗigar ruwa, ƙafa ba takalmi, ta buɗe firji ta kafa kai a gorar ruwa. Palmina sai da ta dafa bango.

Amma ba wannan ne ya hana ta barci ba. Washegari malamar makarantar ta zo gidan da waya, uwar yarinyar na ciki tana magana, malamar na fassarawa. Marnie ba ta cin gyada. Ba wai ba ta so ba ne, jininta ne bai yarda da ita ba. Ƙwaya ɗaya ta isa ta toshe mata maƙogwaro. Aka ajiye wa Palmina wata allura mai siffar biro, rawaya, aka ce in abin ya faru a cire murfi a soka a gefen cinya da ƙarfi, ko ta saman tufafi ne, sannan a kira motar asibiti. Akwai guda a jakar yarinyar, wannan ta gida ce. Uwar ta matso da fuskarta jikin waya, ta haɗa 'yan kalmomin da ta gada wurin mahaifinta ta ce, "Sinyora," wato uwargida, "ita kaɗai gare ni."

Da malamar ta fita Palmina ta zauna a kujerar kicin.

"Oronzo, a mayar musu da ita. Ba zan iya ba."

"A mayar ina? Yarinya ta tsallako duniya guda, a tasha za ki ajiye ta kamar buhun dankali?"

"Za ta mutu a hannuna."

"Palmi', duk yaran da suka shigo gidan nan sai da kika ce za su mutu a hannunki. Ga su can suna aiko miki da hoton aure."

Ba ta mayar da ita ba. Ta zubar da man gyadan da take suya da shi, ta goge kwanonin suya har hannunta ya saluɓe. Ta ɗauko rigunanta kaf ta ɗinka wa kowacce ɗan siririn aljihu daga ciki, daidai tsawon allurar. An bar mata irinta ta gwaji marar tsini, kullum da safe kafin ta ɗora kofi sai ta soki lemu da ita. Oronzo ya ce lemun gidan nan sun fi kowa lafiya a gari. Jimlar farko da ta koya wa Marnie, kafin gaisuwa ma, ita ce: akwai gyada a ciki? Ta sa ta maimaita har yarinyar na faɗa wa kyanwa.

Sai dai zan faɗi gaskiya, can ƙasan zuciyarta ba ta gama yarda da zancen ba. Gyada? Abin da ake watsa wa yara a biki? Ba ta taɓa jin wanda gyada ta kashe ba. Ta ɗauka cutar mutanen nesa ce, tana kiyayewa ne don an ce ta kiyaye. Abin da ta sani, wanda ta gani, shi ne teku. Kuma yarinyar nan kamar kifi take.

"Ziya," haka Marnie ke kiranta, wato gwaggo, "a garinmu muna ci, muna shiga. Babu komai."

"A garinku kifi ke cin mutane kuna dariya. Me kuka sani? Zauna."

"Ƙafa kawai?"

"Ko farce. Dubi agogo, in lokaci ya yi ni zan faɗa miki."

Marnie takan yi dariya ta zauna. Yarinya ce mai son a so ta, kuma wannan ya jawo darasi na biyu. A makonta na farko maƙwabciyarsu Addolorata ta miƙa mata farantin biskit, ita kuwa ta ce, kai tsaye kamar yadda suke yi a can, "A'a, na ƙoshi." Addolorata ta ja farantinta, ta yi kwanaki in ta ga Palmina a coci sai ta hau gyaran jaka. Wanda bai san mu ba zai ce ƙaramin abu ne. A nan in ka ƙi abincin mace, ita ka ƙi, da uwarta da ta koya mata. Palmina ta zaunar da yarinyar.

"Nan ba a cewa a'a. Ki tambaya ko akwai gyada, in an ce babu, ki ɗauka. Ki ci, ki lumshe ido, ki ce kin fi uwata iyawa. Ko takalmi aka dafa miki. Kin ji?"

"Ko takalmi," in ji Marnie, tana maimaitawa kamar a aji.

Wata Lahadi a ƙarshen Yuli unguwa ta kwashe ta tafi bakin teku cin rana, kamar yadda aka saba. Aka kafa laimomi, aka jera tebura masu naɗewa. Ga taliya gasasshiya a tire, ga shinkafa da dankali da naman cikin ƙwaryar teku, ga soyayyen yalo, ga kankana an binne a yashi mai sanyi. Palmina ta ɗauki wuri tsakanin Marnie da ruwa, cikin baƙar rigarta mai ɗigon fari, allura a aljihu. Duk abin da yarinyar ta ci daga tukunyarta ya fito.

Can sai Addolorata ta yaye adiko daga kan kek ɗinta na almon, wata ƙwayar itace mai kama da gyada amma ba ita ba. Kek ɗin nan da shi aka san ta. Babu suna ko biki da za a yi a unguwa ba a roƙe ta shi ba, kuma kullum sai ta tuna mana cewa daga itatuwan almon na gonar mahaifinta ne, ko da yake an sayar da gonar tun muna 'yan mata. Ta yanko babban yanki ta nufo Marnie kai tsaye, mata duk suna kallo.

"Sinyora, akwai gyada a ciki?" Yarinyar ta faɗe shi tsaf, babu tuntuɓe.

"Gyada? A kek ɗina? Ke Palmina, ke kika koya mata zagi? Almon ne zalla, yadda uwata ke yi."

Marnie ta dubi Palmina. Palmina ta ji gabanta ya ɗan faɗi, amma idanun unguwa na kanta, kuma ta gaji da gaba. Ta ɗaga gira, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ci mana. Kada ki kunyata ni."

Ta ci. Ta lumshe ido, ta ce Sinyora ta fi uwarta iyawa, aka tafa mata, Addolorata ta kama kumatunta ta sumbata. Bayan ɗan lokaci Marnie ta fara sosa wuya, ta ce zafi take ji. Palmina ta ce rana ce, ta matsa cikin inuwa. Sai iska ta ɗaga wata laima ta kifar da kwanuka, Palmina ta sunkuya tattarawa. Da ta ɗago, kujerar babu kowa.

Ta hango ta a ruwa, iya gwiwa, tana watsa wa wuyanta. Palmina tana kallo yarinyar ta dafe ƙirji, ta yi taku biyu zuwa gaɓa, ta durƙushe.

Matar da ta yi shekara hamsin da wani abu ba ta bar teku ya taɓa mata ƙafa ba, ita ta fara isa, da takalmanta. Maza suka taya ta jawo yarinyar kan yashi. Kafin ka ce me, mata sun yi musu zobe, kowa na ihu abu ɗaya.

"Daskarewar ciki! Ta shiga ruwa da abinci!"

"A rufe ta! Ku kawo tawul!"

"Ruwan sukari, wa ke da sukari?"

"Wayyo Madonna, Uwar Almasihu, ga abin da ake faɗa wa yara!"

Palmina na durƙushe tana murza mata ciki da hannu biyu, tana lulluɓa mata tawul kan tawul. Ba ta ko tuna da aljihunta ba. Abin da ta yi shekaru tana jira ne ya zo, kuma ta gane shi. Ga leɓɓan sun kumbura, ga idanun sun shige, ga wannan siririn sautin kamar ana busa ta kara. Fuskar Sabino ce sak. Ba ta san tana kiran sunansa ba sai daga baya aka faɗa mata.

Marnie ba ta iya magana. Ta dunƙule hannu tana dukan gefen cinyarta, tana duka, tana kallon Palmina. Wata mata ta ce farfaɗiya ce ta kama ta, ta danne hannun a yashi.

Palmina ta dubi dunƙulallen hannun nan da aka danne. Shi ma Sabino haka hannunsa yake. Sai da kawu ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin a cire ƙunshin takardar. Kuma a kan ruwa, wurin da ya faɗi, akwai wasu abubuwa suna yawo, tana 'yar yarinya ta tsaya tana kallonsu don ta kasa kallon ƙanenta. Ɓawon gyada ne.

Ta juya. "Addolora', me kika sa a kek ɗin nan?"

"Yanzu lokacin wannan ne? Na ce miki almon!"

"Rantse da ran jikokinki!"

Addolorata ta dubi mata, ta dubi yarinyar. "Ɗan kaɗan ne, Palmi'. Don ya yi auki. Almon ya yi tsada, kowa ma haka yake..."

Palmina ba ta ji ƙarshen ba. Ta watsar da tawul ɗin, ta ture matar da ke danne da hannun har ta zauna a yashi, ta cusa hannu cikin riga. Aljihun da ta ɗinka da kanta ya matse, ta yage shi. Murfin ya ƙi fita, ta cire da haƙori. Hannun da ya huda rumfar jirgi da basilla ya tsaya a sama, domin wannan ba lemu ba ne, 'yar mutane ce. Ta ce, "Waliyyi Nikola, riƙe mini hannu," ta soka.

Ta danne, ta ƙi saki. Ta ji Oronzo a bayanta yana ihu a waya yana kwatanta hanyar bakin ruwa, muryarsa ba ta yi kama da tasa ba. Babu abin da ake ji sai wannan siririn sautin, yana fita, yana tsayawa, yana daɗewa kafin ya dawo. Palmina ta kifa kanta a kafaɗar yarinyar tana cewa ja, 'yata, ja, don Allah ja. Can sai Marnie ta ja wani dogon numfashi mai kaushi, ta yi tari, ta sake ja. Tana kuka lokacin da motar asibiti ta iso, kuma ban taɓa jin kukan da ya yi wa mutane daɗi kamar wannan ba.

Da yamma wata matashiyar likita ta fito ta same su a benci. Ta ce yarinyar za ta kwana a wurinsu amma ta tsallake, kuma da an ƙara jinkiri kaɗan da wani zancen ake. Oronzo ya rufe fuska da hularsa. Palmina ta kama hannun rigar likitar.

"Dotoressa, ruwan fa?"

"Wane ruwa?"

"Ta shiga teku bayan ta ci."

"Ruwa bai yi mata komai ba, Sinyora. Gyada ce."

Sai Palmina ta ba ta labarin Sabino, a tsaye, ƙafafu cikin jiƙaƙƙen takalmi: bikin, ƙunshin takarda, ruwa iya gwiwa, fuskar. Likitar ta saurara ba ta katse ta ba.

"Ban gan shi ba, ba zan rantse ba," ta ce. "Amma in haka fuskarsa ta yi, ko a cinyarki yake zaune da haka za ta faru. A lokacin ba mai abin da zai iya yi masa."

Palmina ta koma ta zauna a hankali. Oronzo ya durƙusa ya kwance mata takalman.

Da aka bar ta ta shiga, Marnie ce ta fara ba da haƙuri. Ta ce tun lomar farko ta ji harshenta na ƙaiƙayi, amma kowa na kallo, ta ji kunyar tofarwa. Wannan maganar ta fi duk abin da ya faru a ranar yi wa Palmina ciwo.

"Ni na koya miki, ni zan warware," ta ce. "Daga yau ki ce a'a. Ki tofar a fuskar ko wace ce, har da ni. Maimaita."

"A'a," in ji Marnie, murya a dishe.

"Da ƙarfi."

"A'a, Ziya!"

Addolorata ta zo asibitin da kwandon ɓaure tana kuka, Palmina ta karɓa ta wanke su sau biyu. Sun shirya daga baya, ni dai har yau ba na cin kek ɗinta. Uwar Marnie ta so a dawo mata da ita nan take, yarinyar ta ce a'a, da sabon ƙarfin da aka koya mata, ta gama makarantarta. Kada ku ɗauka Palmina ta warke. Ragowar kwanakin nan ko barcin rana ba ta yi, takan tsaya a ƙofar ɗaki tana sauraron numfashi. Dokar awa uku ma tana nan daram. Da Oronzo ya tuna mata abin da likita ta ce, sai ta ce likita yarinya ce.

Ranar tafiya ta raka ta har filin jirgi na Bari, ta ɗaura mata gyale, ta lalluba jakarta ta tabbatar allura na ciki. Ba ta yarda ta ci komai ba sai da uwar ta kira washegari ta ce ga ta a gida, tana barci.

Da ta ajiye waya ta sa baƙar rigarta ta tafi maƙabarta ita kaɗai. Nan a cikin bango muke ajiye mamata, layi kan layi; uwarta na can sama, layi na huɗu, Sabino a gefenta. Ta jawo tsanin ƙarfen da ake canja furanni da shi, ta hau, ita da ke tsoron hawa kujera. Ta goge gilashin hoton uwar da ke jikin kabarin da gefen gyalenta, ta daɗe tana kallon fuskar da ba ta ƙara yi mata murmushi ba tun tana 'yar shekara goma.

"Mamma, ba ruwan ba ne," ta ce. Tsanin na rawa a ƙarƙashinta, ta ƙanƙame shi. "Kuma an ba ni riƙon wata. Na mayar wa uwarta da ita da rai."